Gam Ɗin da Bai Bushe Ba

Muna sallame sallar asuba muka bar Greensboro, a nan Amurka, ni da wani babban yayana na zaman tare. Bahaushen zango ne daga Ghana, wurin aikinmu ɗaya, wani sito a gefen Wendover. Shi ya koya mini wasan kait, wato ka ɗaura wata ƙatuwar lema a ƙugu da dogayen igiyoyi, iska ta ja ka a kan ruwa kana tsaye a kan allo. A bayan mota akwai lemar, da babban allonsa na kullum, da kular wake da shinkafa da matarsa ta dafa mana, da ƙaramin allon da ya hana ni sukuni tun kafin mu tashi.

Ƙaramin allon ma nasa ne. Siriri ne mara nauyi, irin wanda yara ke sulɓi da shi a bakin teku, a nan ana ce masa skimboard. Ba ya zuwa da maɗaurin ƙafa. Yaya ya so a sa masa guda biyu don mu riƙa hawa ranar da iska ba ta da ƙarfi, ni kuma da bakina na ce a bar mini aikin, ai na taɓa zama a shagon kafinta. Ya yi mini bayani dalla-dalla. Cikin allon farin soso ne, sukuru ba ya kama shi. Sai an huda, an dasa 'yan gidajen sukuru, an cike da gam ɗin nan mai ruwa biyu da ake aunawa daidai, sannan a bar shi ya yi kwanaki ya bushe.

Jama'a, ban yi haka ba. Na yi ta cewa gobe har ana gobe tafiya. Da yamma na durƙusa a ɗakina a Glenwood, na haɗa gam da ido ba awo, na ɗaure sukuru. Yaya ya kira ya ce, "Ɗan Kano, ya bushe?" Na ce, "Kamar dutse, Yaya." Da asuba na danna farce, ya lotsa kamar cingam.

Wanda bai san wasan ba zai ce mene ne abin damuwa. Idan maɗauri ɗaya ya fizge mutum yana cikin gudu, ɗayar ƙafar tana nan a maƙale, allo zai juya da ita. Idon sawu ko gwiwa ke tafiya. Yaya kuwa a tsaye yake yini yana ɗaga kwali, da wannan ƙafar yake ciyar da gidansa. Kuma na san shi zai fara hawa, don kullum cewa yake babba ke fara ɗanɗana abin da za a ba yaro.

Na ce a raina zan faɗa masa kafin Burlington. Muka wuce Burlington yana ba ni labarin yadda suke iyo a Accra suna yara. Na ce to a Durham. A Raleigh motoci suka yi yawa, na ce bai kamata a ɗauke wa direba hankali ba. Kun ji irin dabarar mai laifi.

Bayan Raleigh ƙasa ta shimfiɗe. Gonakin auduga da taba da waken suya, coci ƙanana farare, gidaje ɗaiɗai kowanne da tsohuwar mota a gindin bishiya. A wani gidan mai muka tarar da dattijuwa tana sayar da dafaffiyar gyaɗa a kofi, da zafinta da gishiri, kai ka ce a tashar Wudil kake, sai dai kuɗin kofi ɗaya a gida tiya zai saya. Mai ma ƙara tsada yake yi kana kusantar teku. Yaya ya ci gyaɗarsa ya ci rabin tawa. Ya ce, "Yau azumi kake?" Na ce cikina ne.

Daga nan sai fadama da baƙin ruwa a gefen titi, da allunan gargaɗi cewa namun daji na tsallakawa. Muka hau wata doguwar gada a kan kogin da aka sa wa sunan kada. Na yi ta leƙe ban ga kada ba, sai na koma leƙen allon ta madubi. Rana ta bugi bayan motar, warin gam ya cika ko'ina. Na sauke gilashi na ce ina son iskar teku.

Bayan Nags Head muka yi kudu, titi ɗaya tal, yashi na kwararowa a kansa, teku a hagu, a dama kuma wani faffaɗan ruwa mara zurfi inda ake wasan. Sama cike da lemomi kala-kala. Turawa tsofaffi, wasu sun yi jika, suna ta tsalle a kan ruwa kamar ba su da gwiwa. Muka yi azahar a kan yashi, muka ci wake da shinkafa da baƙin yajin nan nasu na Ghana.

Yaya ya hura lema, na riƙe masa ya ɗaga ta sama. Ya shiga ruwa har cinya, ya ajiye allon, ya zauna, ya zura ƙafar dama. Yana ɗaga ta hagu na ji kaina ina gudu cikin ruwa da wandona da wayata a aljihu.

"Yaya, tsaya! Don Allah cire ƙafarka. Bai bushe ba. Jiya na yi shi, ƙarya na yi maka."

Ya dube ni, lemar na lilo a samansa. Ya sa hannu ɗaya ya ja maɗaurin, sai ga shi ya taho da sukuru da gam yana naso kamar zuma.

Ya ce, "Tun da na ɗauki allon nan da asuba ya manne mini a yatsa. Ba zan hau ba ko da ka yi shiru. Garin da za ka faɗa mini nake jira. Na ɗauka ba za mu wuce Durham ba." Ya miƙo mini maɗaurin. "Ɗan Kano, har ka bari na sa ƙafa."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Iskar ranar ba ta isa ta ja babban allonsa ba, ƙaramin kuma na lalata shi. Hutun da ya daɗe yana roƙo a wurin aiki, a kan yashi muka cinye shi muna kallon mutane. Wayata ma ta sha ruwa ta mutu, ban ga laifinta ba.

Ni na tuƙa mu zuwa gida. Bai yi fushi a fili ba, har gyaɗa ya sake saya mini, amma labarin Accra bai dawo ba. Da na sauke shi a gidansa a Pleasant Garden ya miƙo mini allon ya ce in kankare in sake.

Abin da na koyo a tafiyar nan bai da daɗin faɗa. Ina kiran abin da ya rufe mini baki kunyar babba, ashe tsoron a ga gazawata ne, kuma na fifita shi a kan ƙafar mutumin da bai taɓa yi mini komai ba sai alheri. Allah Ya yafe mini.

Allon yana ɗakina. Na auna gam da ƙaramin kofi, na bar shi yana shan iska. Jiya Yaya ya kira ya ce, "Ya bushe?" Na ce gefe ɗaya ya yi, ɗayan ban yarda da shi ba tukuna. Ya ce, "To, kira ni in ka yarda da shi. Ni zan fara hawa."