Fitilar Shekara Mai Yasar Rijiya

Kullum da hantsi Shekara kan zauna a ƙofar gidansa a nan Matameye yana goge fitilar ƙwai, alhali ga rana ta fito sarai. Baƙo sai ya ɗauka tsufa ne. Sana'arsa yasar rijiya, kuma bai taɓa barin kowa ya sauka ba sai ya fara zura fitilar nan a kunne har ƙasa. In ta mutu, aiki ya tashi.

A ramukan kwal na kudu ya koyo wannan. Su bakwai suka tafi daga unguwarmu, uku suka dawo, da tari. Can ya ga iskar da ba ta da wari ta kwantar da ƙato.

Bara ragon wani Alhaji ya faɗa tsohuwar rijiya a Dungu. Isma'ila, magidanci mai 'ya'ya huɗu, har ya ɗaura igiya a ƙugu, ya kunna fitilar wayarsa.

"Baba Shekara, tawa ta fi taka haske," in ji shi.

"Ta fi. Amma taka ba ta numfashi. Za ta ci gaba da haska gawarka har batir ya ƙare."

Alhaji ya ce ragon layya ne. Shekara ya ce ai shi ya sa, rago aka ce a yanka. Ya zura fitila. Ba ta kai rabi ba ta mutu. Isma'ila ya kwance igiyar da kansa, ya zauna a ƙasa.

Na karanta tarihin manya da yawa, akasarinsu da yawan waɗanda suka binne ake auna su. Kai kuwa, Shekara, kai ne wanda ya hana a yi makoki, don haka ba wanda ya san da kai. Marigayiya matata Badariyya ta sha cewa in rubuta wannan. Na tsaya karatu har ta rigaye ni.

Yanzu ƙirji ya hana shi jan igiya, ya ajiye aiki. Mun gode, Baba, Allah ya saka. Ku kuma masu wayoyi, kananzir bai fi ƙarfinku ba.

Ran Juma'a ya miƙa wa Isma'ila fitilar. Isma'ila ya tambaya ko akwai addu'ar da ake yi mata.

"Akwai," in ji Shekara. "In ta mutu, ka tafi gida."