Tallajar Hadizatu a Bangon Baba Gado

Ina tankaɗen garin dawa a tsakar gidana a Managil, da hantsin wata Talata cikin shekarar 1978, sai na ji sallamar Mahadi direban lori. Mutumin ƙauyenmu ne, duk mako yakan biyo da kaya daga Wad Haddad, kuma bai taɓa shigo mini gida babu tsokana a bakinsa ba. Ran nan ya tsaya daga bakin ƙofa yana juya makullin mota a hannu. Ya ce, "Zainabu, sai haƙuri. Hadizatu ta rasu jiya da hantsi, an kai ta bayan azahar." Na yi salati, na ci gaba da tankaɗe ban san ina yi ba, sai da maƙwabciyata ta zo ta zare rariyar daga hannuna.

Karatuna bai yi nisa ba, amma ina so in rubuta abin da na sani game da ita, ko don 'ya'yanta mata biyu su samu abin riƙewa.

A wani ƙaramin ƙauye na bakin babbar magudanar ruwa, kusa da Wad Haddad, aka haifi Hadizatu. Kakanninta da nawa da ƙafa suka taso daga yamma za su Makka, suka tsaya tsinkar auduga don su ƙara guzuri, zama ya kama su. Tare muka yi ɗibar ruwa, tare muka yi tsinka a hawashar mutane, wato gonakin da hukumar auduga ke rabawa. 'Yar ƙarama ce, mai wushirya, in za ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen mayafi. Hannunta kuwa da sauri, kafin ki gama layi ɗaya ta shiga na uku tana waiwayowa tana ce miki malalaciya.

Ta auri Alhasan, ɗan Baba Gado magini. Shekara tara suka yi, zazzaɓi ya ɗauke shi a daminar 1969. Da ta fita takaba, 'yan uwanta suka zo daga Rufa'a za su tafi da ita. Ta ce musu matar tsohon ta riga ta rasu, Alhasan kuma shi kaɗai ne ɗansa, in ta tafi wa zai miƙa masa ruwan alwala? Suka yi faɗan, suka gaji, suka koma.

Kunyar suruki irin ta Hadizatu ban taɓa ganin kamarta ba. Ba ta cin abinci inda zai gan ta, ba ta yi masa magana a tsaye, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Ko gadon kwanciya ba ta kiransa da Hausa, sai ta ce angarib kamar yadda Larabawa ke faɗa. Shi ma bai kiran sunanta, sai dai "uwar 'yan matan nan". Gida ɗaya suke, tana kula da shi kamar ubanta, amma maganarsu ba ta wuce gaisuwa da "ga abinci" da "Allah ya yi albarka".

Akwai wani ɗan ɗaki a gidan da tagarsa ke kallon hanyar lori. A nan take sayar da karkade da ruwan tsamiya, tana sanyaya su a randa. Kakar auduga uku ba ta ɗinka sabon tufa ba, har ta sayi tsohuwar tallaja, akwatin sanyi mai aiki da fitilar kananzir, daga wani mufattishin auduga, wato jami'in duba gonaki, da aka yi wa canjin wurin aiki. Mahadi ne ya kawo ta a bayan lori cikin zafin bazarar 1972, ƙauye ya fito kallo. Yana sauke ta yana ba da labari cewa a gidan mufattish cikin bango take zaune, ƙofarta kawai ake gani.

Baba Gado yana kan tabarma yana ji. Rabin rumbunan ƙauyen shi ya gina, amma tun da yanar ido ta fara rage masa gani, samari kuma suka koyi ginin jan bulo da siminti, an daina kiransa aiki. Ya dafa sanda ya miƙe, ya ce, "In bango ne, ai mai bango yana gida."

Kwana huɗu ya yi a kai. Ya kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi da kashin jaki, ya bar ta ta ruɓa, ya fasa bangon ɗakin ya yi wa tallajar gurbi, ya liƙe ta baya da sama da gefe, ya shafe sumul da tafin hannu. Wata 'yar kafa kaɗai ya bari daga ƙasa inda ake zuba kananzir a kunna lagwani. Duk wanda ya zo kallo sai ya yi masa bayani. "Abu mai sanyi ba shi da abokin gaba sai zafi. Yadda gara ba ta shiga rumbuna, haka zafi ba zai shiga nan ba. Na kuma ɗan karkata ta gaba kamar mazaunin randa, in ta yi zufa ruwan ya gangaro waje." Tun rasuwar Alhasan ba a ji muryarsa ta ɗaga haka ba.

Aka kunna lagwani. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana biyar. Ruwan da Hadizatu ta sa a ciki ya fito da ɗumi kamar an ajiye shi a rana. Bangon ya ɗauki zafi, wutar ta koma ja tana hayaƙi, kan a jima ta mutu. Ta canza lagwani, ta tace kananzir da tsumma, duk a banza.

Kullum bayan la'asar tsohon yakan shimfiɗa tabarma a gindin tagar, ya yi gyaran murya, ya tambayi iska, "Ko 'yar gidan mufattish ta ba da wani abu?" Ranar farko Hadizatu ta daɗe tsaye, hannunta a kan ƙofar tallajar. Ta san in ta ce babu sanyi, ta ce masa aikinsa bai yi ba, kuma bakinta ba zai iya ba. Sai ta ɗebo karkade daga randa, ta buɗe ƙofar tallajar ta rufe da ƙarfi yadda zai ji, ta durƙusa ta miƙa masa kwano. Ya sha, ya ce, "Madalla." Haka aka yi ta yi har mako uku.

Mahadi ya leƙa wata rana, ya dafa bangon, ya janye hannu. "Ya salam! Yaya Hadizatu, wannan ai kabari aka yi mata. In ta ƙara wata a haka ta mutu har abada. Bari in ɗauko makaniki daga Madani ya rushe."

"Ya rushe a gaban wa?"

"To ki gaya wa tsohon mana."

"Da wane bakin, Mahadi?"

Ta san irin makanikan birni. Kafin ya ɗaga guduma sai ya tambayi wane jaki ne ya yi wannan aikin, kuma da ƙarfi zai tambaya, rabin ƙauye na tsaye. Daga ranar Baba Gado ba zai sake fitowa da tabarmarsa waje ba. Ta ce wa Mahadi ya ba ta mako ɗaya.

Washegari ta tafi ɗakin shan magani na Wad Haddad, don ta tuna akwai tallajar da suke ajiye allura. Ta iske ta a tsaye nesa da bango, da gutsuren katako a ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Ta jira mutane suka ragu, ta tambayi tamarji, wato ma'aikacin da ke ba da magani, wani dattijo Balarabe mai haƙuri. Ya yi mata bayani tiryan-tiryan. Sai ta roƙe shi alfarma: za ta kawo surukinta a duba masa ido, ya zaunar da shi kusa da tallajar, kada ya ce masa komai sai in shi ya tambaya.

Saura yadda za a kai tsohon. Ita ba ta iya ce masa tashi mu je, sai ta zo wurina, don kakanninsa Zazzagawa ne, nawa Kanawa, akwai wasa tsakaninmu. Na same shi a inuwa na ce, "Bazazzagi, an ce jiya ka gaida jakin liman har da tambayarsa iyali. Tashi mu kai idon nan a duba."

Ya ce, "Ƙarya ake yi mini, Bakanuwa. Ke na hango na ɗauka jakin ne, na ga bai kamata in wuce ban yi magana ba."

Amma ya tashi. Muka hau amalanken jaki mu uku, Hadizatu a can baya ta juya masa ƙeya.

Tamarji ya ɗiga masa magani, ya ce ya zauna a benci ya rufe ido. Bencin kuwa an jawo shi dab da bayan tallajar. Hadizatu ta raɓe a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi. Ba a daɗe ba tsohon ya ji ɗumi yana taɓa masa wuya. Ya miƙa hannu, ya shafa ƙarafan bayan, ya bi bututun hayaƙi har sama, ya auna tazarar da ke tsakaninta da bango da tafin hannu. Ya sunkuya ya taɓo katakon da ke ƙarƙashin ƙafarta.

"Ya hakim, me ya sa kuka bar ta tsirara haka?"

"Ya hajj, numfashi take yi kamar mutum. Zafin da ta zuƙo daga ciki, ta baya take fitar da shi. In ka toshe sai ta shaƙe."

"Wannan katakon fa?"

"Sai ta zauna daidai. In ta karkata ko kaɗan, ruwan da ke cikin bututunta ba ya zagayawa. Wadda ta daɗe a karkace ma sai an kifa ta yini guda kafin ta farfaɗo." Ya zuba ruwa a faranti ya ɗora a kanta. Baba Gado ya sa ɗan yatsa ya bi bakin farantin, ya zagaye sau biyu.

Muka iso gida. Bai nemi karkade ba ran nan. Hadizatu ta kama hannuna a bayan ɗaki, ta ce, "Zainabu, anya ban kashe shi ba?"

Da rana ta fito washegari aka ji sarar diga. Baba Gado ne a ɗakin yana fasa gininsa. Mutane suka fara taruwa a taga, kafin wani ya buɗe baki ya riga su. "Ku matso ku ga aikin wani tsohon banza da ya ɗauka tallaja rumbu ce!" Aka yi dariya, tasa ta fi ta kowa. Ya sa maza huɗu suka fito da ita suka kifa ta a tsakar gida, ƙafafu a sama, mata suna leƙowa ta katanga suna tambaya ko laifi ta yi.

Ya sake gurbin. Ya bar tazarar tafin hannu biyu a baya, ya huda kafar iska a ƙasa, ya buɗe wata a sama ya sa mata raga. Da aka zo daidaita daɓe ya nemi faranti da ruwa, amma idonsa ba ya ganin ruwan, yatsa kuma ba ya isa ga ɗan bambancin da ya rage. Sai Hadizatu ta matso ta durƙusa gefensa, kanta a ƙasa, ta ce a hankali, "Dama, Baba." Ya ƙara ƙasa. "Baya kaɗan." Ya danna. "Ya yi yawa, Baba." Ya kankare. Sun kai rabin sa'a a haka. A shekara goma sha biyu da ta yi a gidan, ba su taɓa yin magana mai tsawon wannan ba.

Rana ta uku ƙanƙara ta kama. Ta kawo masa gutsure a kwano. Ya ɗora a tafin hannu ya riƙe har ya narke ya bi ta tsakanin yatsunsa. Sannan ya juyo inda nake ya ce, "Bakanuwa, ki gaya wa uwar 'yan matan nan, shekara saba'in ina shan ruwan randa, na san ƙamshin ƙasa. Tun ranar farko na san akwai abin da na ɓata. Ban dai san mene ne ba, kuma na ji kunyar tambayarta." Hadizatu tana bayan ƙofa, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza.

Labari ya bazu, masu kanti biyu a Wad Haddad suka aiko a ɗauke shi ya zaunar musu da tasu. Da farantinsa yake tafiya. Ya rasu bayan shekara biyu, ana kiransa usta, yadda ake kiran gwanin sana'a. Da karkaden tallajar nan Hadizatu ta yi wa babbar 'yarta kayan ɗaki, ƙaramar kuma ta kai ta makarantar 'yan mata. Ni ma aikin maigidana ya kai mu Managil, muka koma ganin juna sai da salla.

Ganina da ita na ƙarshe bayan ƙaramar salla ne. Ciwon ciki ya ramar da ita, idonta ya yi rawaya, amma ta ƙi zama, sai da ta rako ni bakin hanya tana dafa kafaɗata. Muna jiran lori muka taɓo zancen tsohon, muka yi dariya har ta riƙe ciki. Na ce mata wata rana sai na rubuta labarin nan.

Ta ce, "Ke da rubutunki kamar tafiyar kaza."

Na ce, "Ko da haka."

Lori ya taho yana rage gudu. Sai ta ƙara riƙe ni ta ce, "To in za ki rubuta, ki ce ginin farkon ma mai kyau ne. Da ya zo fasawa sai da digar ta yi ta tsalle. Bai san abin ba ne kawai, ba hannunsa ne ya gaza ba."

Na ce, "Zan faɗa."

"Kada ki manta da digar."

"Ba zan manta ba, Hadizatu. Koma ki kwanta."

Ta ce, "Sai kin hau tukuna."