Taubashina Ya Daina Tsokanata

Mu biyu ciwon karkarwa ya kama a unguwarmu ta bakin ruwa a Yelwa, ni da taubashina, ɗan ƙanin innata. Tare muka yi su tun muna samari, kusan tare muka ajiye taru da hannu ya fara rawa. Likita ɗaya muke gani a birni, magani ɗaya muke sha, sau uku a rana.

Shekarun farko maganin yana riƙe mu. Daga baya ya fara sakinmu tun lokacin shan na gaba bai yi ba. Ni na rana ya fi ba ni wuya. Kafin magariba ƙafa ta yi nauyi kamar ta nutse a laka, hannu ya kama rawa. Lokacin kuwa muke ciyayya, mu dattawa shida, kowa ya fito da tuwon gidansa ƙofar masallaci, a sa hannu kwano ɗaya. Sai in yanko lomar tuwon shinkafa, kafin ta kai baki miya ta zuba a gemu, wani lokaci cikin kwanon mutane. Ba wanda ya taɓa magana, amma ina ganin yadda ake ɗan janye kwano.

Taubashina ma haka yake, sai a wani zuwa da muka yi likita ya ƙara masa wata ƙaramar ƙwaya da zai riƙa haɗawa da babban maganin, don ya daɗe a jiki. Ni ba a ƙara mini komai ba. Ba a jima ba hannunsa ya natsu. Har ƙayar kifi yake cirewa da yatsa biyu, ina kallo.

"Bawana, buɗe baki in ba ka," in ji shi, "kada ka ƙare muna miya ga gemu."

"Ci abinka, tsohon banza."

"To ai gemun ya ƙoshi. Kai fa?"

Aka yi dariya. Wasan taubasai ne, tun muna yara muke yinsa, amma ran nan ya yi mini zafi. Ciwo ɗaya, kujerar mota ɗaya, me ya fi ni da shi?

Ya taɓa ba mu labari cikin raha cewa ƙwayar ta mai da masa fitsari kamar manja. Ranar da ya tafi ta'aziyya Ngaski, na ce wa sauran, "Ku dai bincika. Wane maganin kirki ke yin haka? Ƙwayar maye irin ta 'yan kabu-kabu ce yake sha." Na san ƙarya nake yi. Magana ta zaga har ta kai ga surukansa, ya daina fitowa ciyayya. Wallahi kwana biyun farko daɗi na ji.

Zuwa asibiti na gaba ɗiyata ta raka ni. Likita ya ce, "Baba, yaya jiki?" Na ce da sauƙi, alhamdu lillahi, kamar kullum. Ita ta katse ni: "Likita, babu sauƙi. Da yamma ko buta ba ya iya ɗauka."

Ya ajiye biro. Ya ce kullum da safe yake ganina, magani na aiki, na sha babbar riga, ina cewa da sauƙi. Ta ina zai sani? Sai na tuna yadda taubashina kan daɗe a ɗakin yana zayyana lokacin da magani ke kama shi da lokacin da ke sakinsa, ni ina waje ina yi masa gorin raki.

Likita ya sa ɗiyata ta riƙa rubuta lokutan a takarda. Da muka koma ya duba, ya ce akwai ƙwayar da ake ƙarawa, ba kowa take karɓa ba, amma a gwada. Ya rubuta mini ƙwayar nan dai.

Na kai ta wurin ciyayya, na ɗora a tafin hannu, na ce ga abin da na yi wa ɗan'uwana ƙage a kai. Liman ya raka ni gidansa na roƙi gafara. Ya ce ya yafe.

Ya dawo kwano, hannuna ma ya natsu yawancin ranaku. Amma yanzu idan ya iso cewa yake, "Barka da yamma, Malam," ya zauna can gefe. Ladan yake tsokana, ladan ke ramawa, suna ta dariya, ni ina cin tuwona ba digon miya a gemu.