Ranar da Na Fassara Piyano

Ban taɓa mantawa da ranar da aka ba ni aikin fassara piyano ba. Ku yaran buro na yanzu, 'yan ofis masu dogayen takardu, ku gyara zama, don wannan ba a koyar da shi a lakwal. Ni aji uku na yi, malam ya ce kaina ya cika, kada a ƙara ya zube.

A lokacin, 'yan shekaru bayan mulkin kai, ni ne planto a buron kumandan na Konni. Planto shi ne mai share buro, mai kai takarda, mai tsare ƙofa; in tafinta ya tafi kasuwa kuma, shi ne tafinta. Wata safiya kumandan ya kira ni ya ce wata Baturiya, Madam Orel, za ta biyo daga Yamai da abin kiɗanta cikin kamyo, babbar motar kaya, za ta yi wasa a farfajiyar buro bayan la'asar. Ya ce tun tana shekara biyar take zama gaban abin nan kullum, daga hantsi har azahar, kuma ta yi wasa a manyan biranen Turai, inda ko tari mutum ba ya yi sai ta gama. Ya gayyato sarkin kantonmu, wato na yankinmu, dattijo mai saurin fushi, wanda suka daɗe ba sa shiri.

"Ummaru, kai za ka zauna kusa da shi. In ya tashi kafin a gama, gobe ka ajiye kakinka."

Ƙarti takwas suka sauke piyano, wani baƙin akwati kamar bijimi a durƙushe, da haƙora farare da baƙaƙe. Aka taru. Madam ta fito, ta rusuna kaɗan, ta zauna, ta fara.

A nan matsala ta taso. A wurinmu makaɗi ba ya fara komai gaban sarki sai ya buga takensa, wato kiɗan da ke kiran sunansa da na kakanninsa. Kalangu magana yake yi, kowa ya sani. Sarki ya kasa kunne, ya ƙara kasawa, sannan ya juyo.

"Kai, planto, mi taka cewa? Ban ji sunana ba."

Na ga ya fara tattara hannun rigarsa. Wanda ya san shi ya san saura ya nemi takalmi.

"Ranka shi daɗe, da Faransanci taka kiɗin. Bari in fassara maka."

Hannunta na hagu ya yi wani rugugi, na ce kakansa ne, ranar da ya haƙa rijiyar farko. Na dama ya ruga da gudu, na ce awakinsa ne ke saukowa daga tudu. Sarki ya saki riga. Ni kuwa baki ya buɗe, har na ba shi kakanni uku da bai taɓa yi ba. Da kiɗan ya yi sanyi, a hankali, kamar yayyafi a kan rufin kwano, na ce innarsa ce ke tankaɗen gero da sassafe. Tsoho ya sunkuyar da kai.

Ana gamawa ya ce, "Tahi ka ce mata ta sake wurin innata."

Wallahi ni ban san inda na ajiye innar ba. Na je na durƙusa gefen piyano, na tattara Faransancina na aji uku, na gaya wa Madam gaskiya duka. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta tambaye ni ko akwai wanda ya iya ainihin taken. Aka kira Illo, makaɗin sarki, da kalangunsa. Ya buga sau biyu, ta karkata kai tana saurare. Ta gwada da yatsa ɗaya.

"A'a, baiwar Allah, kin haɗiye wutsiyar!" in ji Illo. "Sake!"

Ta sake. Ya girgiza kai. A na uku ya yi tsalle, ita kuma ta sa hannu biyu ta ɗora taken a kan duk haƙoran nan, Illo yana bin ta. Mata suka rangaɗa guɗa daga bayan katanga, jandarman ƙofa ya manta da kansa yana rausaya, kumandan ya miƙa wa sarki hannu. Sarki ya ba Madam rago, ita da ragon suka hau kamyo tare da piyano suka nufi Maraɗi.

Da sarki zai tafi ya yafuto ni. "Planto, innata Bafillatana ta, nono taka saidawa, ba ta taɓa tankaɗe ba. Na zauna ne in ga inda ƙaryarka za ta ƙare."

Abu biyu na koya. Matar da manyan birane suka yi wa shiru ta zauna Illo na yi mata tsawa, ba ta ji kunya ba. Tun ranar, duk babban da na ga ba ya son gyara, na san bai gama iya aikinsa ba. Na biyu na tafintoci ne, ku rubuta: kafin ka fassara wa mutum uwarsa, ka fara bincika ko wace ce.