Ranar da Malama Rhoda Ta Yi Shiru

A Kontagora akwai manyan mutane, masu gemu da mota, waɗanda har yau in suna cin tsire suka hangi Malama Rhoda tafe, sai su ninke takardar su tura aljihu, da mai da yaji da komai. Ba rowa ba ce. Sun san in ta iso za ta ɗauki yanka ɗaya, ta ɗaga shi sama ta ce, "Wannan wane aiki yake yi kafin a yanka mai shi?" Kuma ba ta gusawa sai an amsa.

'Yar manoman Dukku ce. Karatu ya kawo ta Kontagora, ta zauna, ta auri Na'Allah mai gyaran keke, ta koyar da bayoloji a wata sakandare har gashinta ya yi fari. Makarantar tana da madubin duba ƙananan abubuwa guda ɗaya, wanda shugaba ya kulle a kabad don kada ya lalace, kuma gaskiya bai taɓa lalacewa ba. Littafin darasin da Turanci yake. Yaran kuwa, wannan da Kambarci ya tashi, wancan da Dukanci, na bayan aji da Fulatanci. Da Malama ta ga zanen allo ba ya shiga kan kowa, sai ta ɗauki leda ta nufi mahauta.

Tun daga nan ajinta ya fara ƙarni. Takan shimfiɗa tsohuwar jarida a tebur, ta baje wuyan sa da ƙafar akuya, ta ce jikin mutum ma'aikata iri huɗu ne suka haɗu suke riƙe da shi. Akwai masu rufi, wato fata da shimfiɗar cikin baki da ta hanji, su ne ke tsaye tsakanin mutum da duniya. Akwai masu ja, wato tsoka, wadda ba ta iya komai ba sai tsukewa da sakewa, amma da wannan kaɗai ake noma, kuma da shi zuciya ke bugawa. Akwai masu aike, ƙwaƙwalwa da laka da siraran zaren da ke kai labari daga ɗan yatsa zuwa kai. Na ƙarshe su ne masu ɗauri, kuma su ta fi ƙauna, don ba wanda ke gode musu: ƙashi, guringuntsi, kitse, jijiya. Har jini tana sa shi a cikinsu, kuma kowace shekara sai wani mai taurin kai ya miƙe ya ce ruwa ba ya ɗaure komai. Ranar nan takan koma gida da murna, ta sami abokin gardama.

Matsalar ita ce ba ta san inda aji ya ƙare ba. A gidan biki ta taɓa tsayar da uwar amarya da cinyar kaza a hannu. Na'Allah, mutum mai son zaman lafiya, ya koyi cin namansa a tsaye a bayan ɗaki. Wadda ta fi shan wuya ita ce Rachel, 'yarsu tilo, da ta girma ba ta taɓa cin miyar da ba a yi mata tambaya a kai ba. In uwar ta fara, sai ta toshe kunne da yatsu. Da ta gama sakandare ta zaɓi ɗinki, ta ce yadi ba shi da tsoka. Malama ta yi dariya a gaban mutane, amma abin ya yi mata ciwo. Ta koyar da rabin gari, 'yar cikinta ba ta ɗauki ko kalma ɗaya ba.

Saurayin Rachel na farko, wani David, ya zo gaisuwa da riga mai gajeren hannu. Malama ta matsa damtsensa, ta gaya masa cikin ladabi cewa kitsen ya fi tsokar yawa, amma kada ya damu, kitse ma yana da aikinsa. Bai sake zuwa ba.

Sai ga Luka, mutumin Auna mai sayar da maganin feshi a kasuwa, wanda Rachel ke so da gaske. Iyayensa sun rasu yana ƙarami, yayar babansa ce ta raine shi, Gwaggo Fure, kuma a danginsu ba a sa ranar aure sai ta zo ta ga yarinya ta ci abincin hannunta. In ta ce a'a, magana ta mutu.

Ana gobe za ta zo, Rachel ta zauna a gaban uwarta ba wasa a fuskarta.

"Mama, abu ɗaya nake roƙo. Daga shigowarsu har fitarsu, gaisuwa kawai. Kada ki taɓa hannun kowa. Kada ki ɗaga nama."

"In an tambaye ni fa?"

"Ba wanda ya taɓa tambayarki, Mama."

Malama ta so ta musa, ta duba baya ta ga gaskiya ne. Ta yi alkawari, har Rachel ta sa ta maimaita a gaban Na'Allah, wanda ya sunkuyar da kai yana ta goge wata tsohuwar sarƙar keke da ba ta bukatar guga.

Da safe Malama da kanta ta je sayen nama wajen Lukuman mahauci, tsohon ɗalibinta, wanda tun yana yaron shago yake ware mata kayan darasi. Ta ce masa baƙi za ta yi, ya ba ta mai kyau. Ya ce an gama, Malama. Amma hannu ya riga ya saba. Yana hira yana sara, ya zuba mata wuya da guringuntsi da jijiya a ƙasan leda, gyara irin nata. Ita kuma don ta nuna ta shiryu, ko buɗe ledar ba ta yi ba, ta miƙa wa Rachel ta koma ɗaki. Daga can tana jin tsaki na tashi a kicin, ana tsince wani abu ana wurgawa a kwano.

Gwaggo Fure ta iso da rana, doguwa, busasshiya, tana ɗingisa ƙafa ɗaya, Luka na biye da jakarta. Aka gaisa, aka tambayi ruwan Auna da lafiyar shanun noma. Malama ta amsa komai a taƙaice, ta zauna a kan tafukan hannunta don kada su yi abin da suka saba. Ta lura da kumburin gwiwar baƙuwar tun daga ƙofa, ta kau da kai da ƙyar.

Rachel ta kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, ta durƙusa a gefe da ruwan wanke hannu. Loma ta farko Gwaggo ta gyaɗa kai. Ta biyu ma haka. Sai ta kai hannu ta ɗauko wani yanka ta jefa baki.

Malama ta gane shi tun yana hanya. Launinsa rawaya ne, mai sheƙi, ya ɓuya a jikin naman wuya.

Gwaggo ta tauna. Ta mayar da shi ɗaya gefen ta tauna. Ta tsaya ta huta, ta sha ruwa, ta koma. Haƙoranta ba su da yawa, amma ba ta saba a ka da ita ba. Luka ya ƙura wa tuwonsa ido. Daga ƙarshe ta fito da abin, ta ɗora a bakin kwano, yana nan yadda ya shiga.

"Wa ya yi girkin nan?" ta ce, ko da yake ta sani.

"Ni ce, Gwaggo," in ji Rachel.

"To. Yarinyar da ba ta iya jiran nama ya nuna ba, ban san yadda za ta jira namiji ya yi hankali ba. Shi kuwa wannan nawa, sai an jira."

Ta fara wanke hannu, tuwo bai yi rabi ba. Kowa a ɗakin ya san ma'anar wannan.

Amsar tana kan harshen Malama, cikakkiya, irin wadda ta bayar a aji ba adadi. Magana kaɗan za ta wanke 'yarta. Amma ta tuna David da gajeren hannun rigarsa, ta tuna fuskar Rachel ta jiya. Ta danne hannuwanta har suka mutu, gumi na bin bayan kunnenta. A duk rayuwarta ba ta taɓa yin aiki mai wuyar wannan shirun ba, kuma tana ji a ranta auren na zamewa tana kallo.

Sai Rachel ta ajiye kwanon ruwa. Ta kai yatsu biyu ta ɗauki abin da Gwaggo ta tofar, ta ɗaga shi sama wajen hasken taga.

"Gwaggo, ku gafarce ni. Wannan wane aiki yake yi kafin a yanka mai shi?"

Na'Allah ya rufe ido.

"Jijiya iri biyu ce," in ji Rachel. "Fara, irin ta ƙafar sa, in ta daɗe a wuta narkewa take yi, ita ke sa romo ya yi danƙo. Wannan rawaya ce. Ko an kwana ana dafa ta, haka za ta fito. A wuya take, ita ke riƙe kan sa. Ku da kuke da shanu, kun taɓa ganin sa ya yini kai a ƙasa yana kiwo ya ce wuyansa ya gaji? Miƙewa take ta dawo, kamar robar wando." Ta ja shi, ya miƙe, ta saki ya koma. "Laifina ɗaya, ban tsince ta ba. Mu ma muna da irinta, har a cikin fata. Ku kawo hannu."

Kafin kowa ya hana, ta kama bayan hannun Gwaggo Fure ta tsunkuli fatar ta saki. Fatar ta tsaya cak, sannan ta kwanta a hankali, ba ta gaggawa.

"Taku ta fara gajiya," in ji Rachel, sannan ta ji abin da ta faɗa, ta sa hannu ta rufe bakinta.

Gwaggo ta daɗe tana kallon hannunta. Ta jawo na Luka ta tsunkula, fatarsa ta koma nan take. Ta sake gwada nata. Sai kafaɗunta suka fara girgiza saboda dariya.

"An gaya mini uwar ce mai wannan hali," ta ce, "na zo a shirye. Ashe ba a nan ramin yake ba." Ta mayar da hannu cikin tuwo. "Wadda za ta dubi idona ta ce na tsufa, za ta iya da Luka. A gaya wa maza su zo a sa rana."

Malama ta tashi ba ta ce uffan ba, don baƙi ba su fita ba tukuna. Ta shiga kicin ta tsaya gaban kwanon da aka tara guringuntsi da jijiya, kowanne an ware shi gefensa, ta yi kuka sosai. Can Rachel ta shigo da kwanuka.

"Na ɗauka kunnenki a toshe yake," in ji Malama.

"Yatsa ba ya tare muryarki, Mama. Na yi daidai?"

Malama ta share ido da bakin zane. "Daidai. Sai dai ba ki ce mata komai a kan gwiwar nan ba. Guringuntsin ne ya cinye, tun daga ƙofa na gani."

"Ni ma na gani," in ji Rachel. "Na bar miki ne."

Daga ɗaki suka ji Gwaggo Fure tana tambaya ina uwar yarinyar ta shiga, akwai abin da take so a duba mata.