Giyar da ban taɓa sakawa ba

Jama'a, yau na ga ikon Allah a hawan dutsen Mambila!

Na ɗauko Alhajin masana'antarmu ta Challawa a motarsa atomatik, mai canza giya da kanta. Muna tsakiyar hawa ta fara gurnani, ta shiga giya, ta fita. Gefenmu rami! Alhaji sai salati.

Na tsaya. Wani dattijon direba da ke wucewa ya leƙo, ya ce, "Daga Kano kuke, ko? Iskar nan ba ta isar inji. Cire ta daga D, sa L, giyar hawan tudu."

Shekara goma ina tuƙi tsakanin Sharaɗa da Bompai, hannuna bai taɓa zuwa L ba! Na sa. Wallahi ta haye kamar akuya!

Muna kaiwa sama Alhaji ya damƙi kafaɗata: "Sani, tsaya! Gajimare ne a ƙasanmu!"