Yarinyar da na koya wa rage gudu

A shekarata ta biyu a Manchester na zama koci ba tare da na nema ba. Karatun digiri na uku ya kai ni, ina kwana a wani ƙaramin fulat a Levenshulme, ina wuni a ɗakin bincike a Oxford Road. Tun ina sakandare a Jos nake gudun famfalaƙi, ban kuma daina ba. Wata safiya ina zagaya filin unguwa, wata Baturiya ta tsayar da ni. Ita ce malamar wasanni a sakandaren da ke kusa, tana da 'yan mata shida masu son gudu mai nisa, ba ta da mai taimaka mata. Na amsa, aka yi mini binciken da akan yi wa mai aiki da yara, na fara zuwa Talata da Alhamis.

Cikin shidan akwai wata 'yar shekara sha biyar, doguwa, iyayenta mutanen zangon Kumasi ne. Da ta ji ina Hausa a waya sai ta daina ce min koci, ta koma Anti. Duk ta fi su ƙafa, amma ba ta taɓa gama tsere cikin goma na farko ba. Ana busa usur sai ta fita kamar an biyo ta, kafin rabin hanya numfashi ya ƙare, waɗanda ta wuce su zo su wuce ta.

Na yi magana har na gaji. Daga baya na sa mata doka: za mu riƙa gudu kafaɗa da kafaɗa, tana ba ni labari da Hausa. In magana ta gagare ta, to ta yi sauri da yawa.

"Anti, wannan ai tafiya ce, ba gudu ba," ta ce ranar farko, rabi da Hausa rabi da Turancinsu na Manchester.

"Ci gaba da tafiyar. Me kika ce mamanki ta dafa jiya?"

Haka muka yi damina da sanyi. Na san duk maƙwabtansu a Longsight ban taɓa ganin su ba. Ranar Alhamis kuma nakan kai 'yan matan duka wani tudu su hau sau takwas, na ƙarshen ya fi na farkon sauri.

Da aka zaɓe su zuwa gasar makarantu a Birmingham, na je kasuwar Longsight inda mahaifiyarta ke sayar da atamfa, don in karɓi sa hannunta a takardar izini. Ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, ni ban gane gudun da babu mai kora ba. Amma zan rufe rumfa in bi ku."

Mun isa ana yayyafi. Filin duk taɓo ne, ga tudu a ƙarshen kowane zagaye, zagaye biyu za a yi. Aka busa usur, yara suka zuba, yarinyar kuwa ta bi a hankali a tsakiyar taro. Mahaifiyarta ta kama hannuna.

"Ba ta da lafiya ne? Duba yadda ake wuce ta."

"Yaya, ƙyale ta. Daidai take."

Na faɗa ne kawai. Da suka wuce gabanmu a zagayen farko na ƙirga mutum ashirin da wani abu a gabanta. Ta kalle ni, na ɗaga mata hannu. Daga nan ta fara ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kafaɗunta a sake. A gindin tudun ƙarshe saura biyu. Ta wuce ɗaya a tsakiyar hawa, ɗayar kuma suka yi kafaɗa da kafaɗa har saman, sannan ta buɗe ƙafa.

Ban ga shigarta layi da kyau ba, domin mahaifiyarta ta ajiye jaka tana bin igiyar gefen fili da gudu, mayafi na tashi, ni kuma ina bin ta kada ta zame. Yarinyar ta zo ta ɗaya. Sauran biyar ɗin duk suka gama, makarantar ta zo ta uku a jimla, abin da malamar wasannin ta ce ba ta taɓa gani ba tun da ta fara aiki.

A hanyar komawa muka tsaya a wani gidan mai, muka yi sallar La'asar a gefen mota. Mahaifiyar ta buɗe kula cike da shinkafa da wake da yajin Ghana, ta raba wa kowa har direba. 'Yan matan suka ci da taɓo a ƙafafunsu, suna hawaye saboda yaji suna neman ƙari. Kafin mu shiga Manchester, biyu daga cikinsu sun tambaye ni ko za a iya ƙara ranar Asabar a kan Talata da Alhamis.